Laifin da Uwaisu Ya Ɗora wa Madubi

A shekarun 1980 'yan Arewa ba su da yawa a Barking, wata unguwa a gabashin London, saboda haka kusan kowa ya san Malam Uwaisu Mailafiya. Dogo ne siriri, mai ɗan rangaji in yana tafiya, kuma ba ka raba aljihun rigarsa da ƙaramin sukurudireba da ɗan ƙyallen goge gilashi. In ka ba shi aron tabarau ya duba wani abu, sai ya goge maka shi tas ya ɗaure kusar da ta yi sako-sako kafin ya miƙo maka. Ba shi da yawan magana. Masu tsokana kan ce kalmomin da yake furtawa a yini ba su kai yatsun hannu ɗaya ba.

Mutumin Ringim ne, ɗan maƙera. A maƙerar mahaifinsa ya fara taɓa bindiga, irin ta toka da maharba ke kawowa gyara. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja, aka ga hannunsa ya iya ƙarfe, sai aka tura shi sashen masu gyaran makamai. A can ya koyi aikin da ya zame masa abin tinƙaho, wato saita bindiga: daidaita ƙarfen saiti na gaba da na baya har inda ido ya kalla ya zama nan harsashi zai faɗa. Bayan an sallame shi daga soja ya samu gurbin karatun gyaran na'urorin gilashi a London, ya zo a 1980. Karatu ya ƙare, bai koma ba. Ya samu aiki a wani ƙaramin shago kusa da tashar Barking, wurin wani tsohon Bature da ke gyaran madubin hangen nesa da na'urorin masu awon ƙasa. Daga baya ya ɗauko matarsa Murja da 'yarsu Sakinatu, suka zauna a wani gidan haya na council, wato ƙaramar hukuma.

A wancan zamanin dokar Ingila ba ta hana mutum mallakar bindigar soja mai ɗura kanta ba, matuƙar yana da takardar izini daga 'yan sanda kuma yana cikin kulob na masu harbin gwaji. Masu irin wannan sha'awa kan kawo bindigoginsu shagon a ɗora musu madubin saiti, ɗan bututun nan mai gilashi da ke jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Tsohon Baturen hannunsa ya fara rawa, don haka wannan aiki duk ya koma kan Uwaisu. Ba a jima ba sunansa ya zaga. Daga gundumar Kent ma akan zo a ce ana neman "baƙin nan mai saiti."

Wata Asabar a 1982, yana fitowa daga tashar jirgi, sai ya ji an daka masa tsawa daga cikin wata mota.

"Kofur Uwaisu! Tsaya cak!"

Jikinsa ya ƙame kafin hankalinsa ya gane muryar. Saje Katung ne, mutumin Kagoro, wanda suka yi shekara uku a bataliya ɗaya. A yaƙi ana kiransa Shaho saboda kaifin idonsa, kuma bai taɓa yarda wani ya taɓa masa bindiga ba sai Uwaisu. Ranar da motarsu ta kife a wani rafi, Katung ne ya nutsa ya zaro Uwaisu daga ƙarƙashin akwatunan harsashi, da ƙafa a karye. Rangajin nan na tafiyar Uwaisu daga ranar ya samo asali.

Suka rungume juna a tsakiyar titi, Turawa na ta danna musu oda. Ashe Katung yana Dagenham, unguwar da ke gaba da Barking, da matarsa Dinatu da 'ya'ya huɗu. Ya ɗan yi aiki a kamfanin motoci, aka rage ma'aikata, ya koma tuƙin tasi irin wadda ake kira minicab. Daga ranar gidajen biyu suka zama ɗaya. In an yi Sallah, Katung ne ke zuwa da motarsa ya kai su Idi, ya jira su a waje yana karanta jarida. In Kirsimeti ta zo, Dinatu sai ta sa Uwaisu ya je ya sayo kajin daga mahautar Musulmi don kowa ya ci hankali kwance.

Katung mutum ne mai ƙaton jiki da ƙatuwar dariya, amma zaman London ya rage shi. Wanda dā soja ɗari ke ƙamewa in ya yi tari, yanzu mashaya na zaginsa daga kujerar baya yana cewa yes sir. Abu guda ya rage masa da yake jin shi ne shi, wato ido. Shi ya sa ya shiga wani kulob da ke da filin harbi a wata tsohuwar mahaƙar tsakuwa cikin Essex. A 1984 ya samu izini ya sayi gajeriyar bindigar soja ta Amurka, irin ta Yaƙin Duniya na Biyu, wadda Turawa ke kira kabin. Mara nauyi ce, tana da gindin katako da ya sha hannu har yana sheƙi.

Uwaisu ya yi wa bindigar nan aikin da bai taɓa yi wa ta kowa ba. Da hannunsa ya goge ƙarfen da zai riƙe madubin har ya zauna daram. Ya sa Katung ya ɗora kuncinsa a gindin bindigar ya rufe ido, ya buɗe, ya sake rufewa, har sau goma, yana matsar da madubin gaba da baya, sai da ya zamana da buɗe ido komai na bayyana sarai ba tare da ya miƙa wuya ba. Ya rataye zare mai dutse a bango ya daidaita tsayuwar layin cikin gilashin da shi. Sannan suka tafi fili. Katung ya kwanta ya harba uku, Uwaisu ya leƙa takardar da aka kafa ana harbi, ya murɗa ɗan maɓallin sama ƙas, ƙas, ya murɗa na gefe, a sake. Kafin azahar harsasai biyar sun taru a baƙin tsakiya daga yadi ɗari, wurin da tafin hannun jariri zai rufe.

Shekarar da ta biyo Katung ya ci kofin kulob ɗin. Ya ajiye shi a kan talabijin, duk baƙon da ya shigo sai ya ji labarinsa tun daga farko.

A watan Afrilun 1986 ne ya shigo shago da jakar bindigar, fuska a murtuke.

"Kofur, madubin nan naka ya fara hazo."

Uwaisu ya karɓa ya leƙa ta taga. Yana iya ƙirga bulon bangon da ke ƙetaren titi ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Saje, ni dai ban ga hazo ba."

"To ni na gani. Gefen hagu duk ya dushe. Kuma saitin ya goce, makon jiya kamar na watsa gero."

Asabar suka tafi fili tare. Katung ya harba goma, suka warwatsu ko'ina a takardar, biyu ma ba su taɓa ta ba. Da ya tashi ya tafi shan shayi, Uwaisu ya liƙa sabuwar takarda ya kwanta a wurinsa. Shi tun bayan yaƙi ba ya harbi sai don gwaji, amma biyar ɗin da ya saki duk suka faɗa baƙin tsakiya. Bindiga lafiyarta ƙalau.

Sai ya zauna yana kallon abokinsa daga nesa. Ya ga Katung ya dawo da kofi a hannu, ya yi karo da kafaɗar wani Bature da ke tsaye a hagunsa, ya ba da haƙuri kamar mutumin daga sama ya faɗo. Ya ga yana laluben kwalin harsashi a kan tabarma alhali ga kwalin nan kusa da gwiwarsa ta hagu, sai da ya juya kai gaba ɗaya ya gan shi. Uwaisu ba likita ba ne, amma ya yi shekaru yana aikin gilashi da ido, ya kuma tuna wani kawunsa a Ringim da ya fara da irin wannan karo da mutane, ya ƙare ana ja masa sanda.

Katung ya tsuguna kusa da shi. "Ka gwada? Me ka gani?"

Takardar da Uwaisu ya harba tana naɗe a hannunsa. Abin da ya rage kawai ya warware ta. Ya dubi fuskar Katung, ya ga wani abu da bai taɓa gani a cikinta ba ko a bakin daga, mutumin yana kallonsa kamar mai jiran hukuncin alƙali. Sai ya tura takardar cikin aljihun kwat ɗinsa.

"Da gaskiyarka, Saje. Danshi ne ya shiga gilashin. Ka bar mini shi in buɗe."

Katung ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya fashe da dariya, ya daki bayansa. "Na faɗa maka! Shaho ne fa. In ka ga Shaho ya kuskure, to a binciki kaza."

Da Uwaisu ya koma gida da la'asar ya kasa cin abinci. Murja ta matsa masa, ya ba ta labari. Ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Malam, ban gane ba. Idon mutum na lalacewa, ka ce masa gilashi ne?"

"Ban tabbatar ba ai. Ƙila gajiya ce. Mutumin da ke tuƙi awa goma sha biyu."

"In gajiya ce likita zai faɗa. Nan ƙasar ko sisi ba za a karɓa ba. Kai dai ka ce masa ya je."

"Ba ki san Saje ba. In aka rubuta cewa idonsa da matsala, lasin ɗin tuƙi ya tafi, izinin bindiga ya tafi. 'Ya'ya huɗu. Da bakina zan rushe masa gida? Mutumin da ya ciro ni daga ruwa?"

"To ai shi da ya ciro ka bai tsaya jin kunyarka ba, fizgo ka ya yi har da ƙafa a karye." Ta ɗauki ludayinta. "In ba za ka iya ba, bari ni in gaya wa Maman Jamilatu." Haka suke kiran Dinatu, da sunan babbar 'yarta.

"Kul! Maganar maza ce. Zan gaya masa da kaina, lokaci kawai nake nema."

Ya nemi lokacin, kuma Allah ya ba shi, ba sau ɗaya ba. Akwai ranar da suke cin tuwo a Dagenham, Dinatu ta ajiye wa mijinta kofin ruwa a hagunsa, ya kai hannu zai ɗauki cokali ya kifar da shi. Ta ce, "Kai Baban Jamilatu, kwanan nan sai ɓarna kake yi kamar yaro." Kowa ya yi dariya. Uwaisu ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro, Murja na kallonsa daga ƙofar kicin. Sai ya ce miyar ta yi daɗi. Akwai kuma ranar da suke dawowa daga fili, Katung ya kusa hawa kan dakalin gefen titi, ya zagi council da rashin iya gini. Nan ma Uwaisu ya taya shi zagin.

Maimakon magana, sai ya koma ga abin da ya iya. Ya nemo wani madubi mai faɗin baki wanda ke tara haske fiye da na farko, mai layin ciki kauri yadda ko ido mai rauni zai kama shi. Ya ƙera masa sabon mariƙi, ya murɗa zoben bayan har ƙarshensa don ya dace da idon Katung, ba nasa ba. Shi kansa in ya leƙa sai ya ga dishi-dishi. Aikin ya yi kyau, kuma kyawunsa ne ya zama masifa, domin harbin Katung ya gyaru. Bai koma kamar dā ba, amma ya isa ya sa shi zagaye kulob yana cewa babu mai hannun Kofur a duk Ingila. Duk lokacin da ya yi wannan yabo, sai Uwaisu ya kau da kai. Yanzu kuma in ya faɗi gaskiya, sai ya haɗa da cewa ya yi shekara yana yi masa ƙarya.

A watan Agustan 1987 wani mutum ya fito da bindigogi a garin Hungerford ya kashe mutum goma sha shida. Ƙasar ta girgiza. Shekarar da ta biyo majalisa ta yi doka ta haramta irin waɗannan bindigogi masu ɗura kansu, aka ba masu su wa'adi su miƙa wa hukuma. Katung bai yi gardama ba. Ya ce shi ya ga abin da harsashi ke yi wa mutum, in ƙasa ta ce a ajiye, a ajiye. Amma ranar da ya kawo kabin ɗin shago don a cire madubin kafin ya kai ta ofishin 'yan sanda, ya daɗe yana shafa gindinta.

Uwaisu ya kwance kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba sai bayan shekaru shi ne, a lokacin daɗi ya ji. Babu sauran zuwa fili, babu sauran takardar da za ta tona asiri, babu sauran tambayar me ka gani. Ya ɗauka maganar ta mutu tare da bindigar. Bai tsaya ya yi tunanin cewa ciwon yana nan inda yake ba, kuma mutumin na nan yana tuƙa jama'a a titunan London.

Aikin bindiga ya ƙare a shagon, suka koma kan madubin masu kallon tsuntsaye da na'urorin makarantu. Zumunci bai yanke ba, sai dai ya ɗan ja baya, kuma daga wajen Uwaisu ne. In Katung ya ce zai zo ya kai su Idi, sai Uwaisu ya ce ai sun riga sun yi booking ɗin wata mota. Ya hana matarsa da 'yarsa shiga motar abokinsa, bai kuma faɗi dalili ba. Murja ta gane. Ta ce masa, "Naka ka tsare, na mutane kuma ko oho." Ya ɗauki hularsa ya fita.

Wata Talata a watan Oktoban 1991, da rana tsaka, Katung ya shiga wani shataletale a Dagenham ya buge wata mata a kan keke. Ta hagunsa ta fito, sanye da riga ruwan ɗorawa da ko daga ƙarshen titi ana hangenta. Ƙugunta ya karye. Katung ya rantse wa 'yan sanda cewa bai gan ta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Aka ce a gwada idonsa.

Ranar da zai je babban asibitin ido Dinatu na aiki, kuma an ce za a ɗiga masa maganin da zai hana shi gani sosai na 'yan awoyi, don haka ya roƙi Uwaisu ya raka shi. Bayan gwaje-gwaje, likitar, wata mata mai furfura, ta kira su ciki. Ta ce hawan jinin ido ne, wanda suke kira gilakoma. Yana cin gani daga gefe a hankali, ba zafi, har mutum ya zama kamar mai leƙe ta cikin bututu. Idon hagu ya kusa tafiya, na dama ya rage kaɗan. Abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a yi ƙoƙarin riƙe ragowar.

"Da an kama shi da wuri," in ji ta, "maganin ɗigawa safe da yamma kan tsayar da shi ga mutane da yawa. Yaushe ka fara lura da wani canji?"

Katung ya girgiza kai. "Ban lura da komai ba, likita. Sau ɗaya dai, shekara biyar da suka wuce, ina harbin gwaji na riƙa ganin hazo ta hagu. Amma ba idona ba ne. Ga abokina nan, aikinsa ke nan, shi ya duba ya ce danshi ne a gilashi."

Likitar ta ɗago ta dubi Uwaisu ta saman tabaronta. Sannan ta sunkuya ta ci gaba da rubutu.

Suka fito, Katung riƙe da gwiwar hannun Uwaisu saboda maganin ya sa hasken rana na sokar idonsa. Suka shiga tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, suka canja zuwa layin District. Jirgin ya fito daga rami ya kama hanyar gabas, taragon kusan babu kowa. Sun wuce West Ham ne Uwaisu ya yi magana, idonsa a kan takalmansa.

"Saje, gilashin nan ba shi da danshi."

"Wane gilashi?"

"Na farkon. Ban ma buɗe shi ba. Ranar da ka tafi shan shayi na harba biyar, duk suka shiga baƙi. Na ga kana karo da mutane. Na san idonka ne."

Katung ya juyo da kansa gaba ɗaya, yadda ya saba yi yanzu in zai kalli mutum. Hawayen magani na bin kuncinsa.

"Ka sani?"

"Na yi zato mai ƙarfi."

"Tun tamanin da shida."

"Tun lokacin."

"Ka kuma sayo mini wani madubin."

Katung ya zare hannunsa daga na Uwaisu a hankali. Da suka iso Barking Uwaisu bai sauka ba, yana nufin ya kai shi har gida, amma Katung ya ce, "Tasharka ce, Kofur. Sauka." Da muryar bataliya ya faɗa. Uwaisu ya sauka, ya tsaya a dandamali yana kallon jirgin ya tafi da mutumin da ko allon sunan tasha ba ya iya karantawa.

Aka karɓe lasin ɗin Katung. Kotu ta yi masa sassauci saboda takardar likita, matar kuma ta warke, ko da yake an ce ba ta sake hawa keke ba. Dinatu ta ƙara aikin share ofisoshi a kan wanda take yi, Jamilatu ta jingine karatun jami'a na shekara biyu ta kama aiki a kanti. Uwaisu ya je gidan sau uku. A na ukun Dinatu ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta ce ya shigo ba.

"Malam, ni ba na zagin ka. Amma tuwo nawa ka ci a gidan nan bayan ka sani? Da ni ka raɗa wa, ko da igiya sai na kai shi asibiti."

Kusan shekara uku ba su haɗu ba. Uwaisu ya rame, shirunsa ya ƙaru. Murja ba ta taɓa ce masa ai na gaya maka ba. Ita ma tana da nata, domin ta san gidan Dinatu, ta san lambar wayarta, ta kuma yi biyayya ta yi shiru. Ita ce ta ci gaba da zuwa Dagenham a kai a kai ko an sake mata fuska ko ba a sake ba, har dai wata rana a bazarar 1994 ta dawo ta ce, "Baban Jamilatu ya ce ka je ranar Asabar. Wai yana so ya taka zuwa filin shaƙatawa, yaran kuma sauri suke yi masa."

Ya je. Ya tarar da Katung zaune a falo da farar sanda a jingine, ya yi ƙiba, gashinsa ya yi fari fat. Ba su yi doguwar gaisuwa ba. Katung ya miƙe ya kama gwiwar hannunsa suka fita. Sun zaga filin sau ɗaya kafin ya ce su zauna a benci.

"Na daɗe ina juya maganar nan," in ji Katung. "Ranar nan a fili, da na tambaye ka me ka gani, na san amsar da nake so. Kai ma ka san wadda nake so, ka ba ni. To rabin laifin nawa ne."

"Saje..."

"Bari in gama. Rabin na ce, ban ce duka ba. Da ka faɗa mini, da na zage ka tas, ƙila in yi wata guda ba na gaishe ka. Amma da yanzu ina ganin fuskar jikata. An haife ta watan jiya, sai da hannu na san kamanninta." Ya juyo da kansa gaba ɗaya. "Ni na ɗauka a duk London kai ne mutum ɗaya da ba zai ji tsorona ba."

"Ba tsoro ba ne. Nauyinka na ji."

"Da tsoron da nauyin, duk makanta ɗaya suka haifa."

Uwaisu ya nemi gafara da kalmomi kaɗan. Katung ya ce ya yafe tun bara, faɗa ne kawai bai yi ba, don yana so ya tabbata ba da baki kaɗai ya yafe ba. Daga nan ya tambayi labarin Sakinatu da karatunta, suka shiga wata hirar.

Tun daga ranar, kowace Asabar Uwaisu kan hau jirgi zuwa Dagenham ya zaga da shi. Yakan faɗa masa abin da ke gabansu, ga dakali, ga kare, ga wasu yara na ƙwallo, mai jar riga ya zubar da ci. Wani lokaci Katung kan yi dariyarsa ta dā. Amma bai sake kiransa Kofur ba, sai Malam Uwaisu, kamar yadda kowa ke kiransa, kuma Uwaisu bai taɓa tambayar dalili ba.

A 1997 Katung ya ce sanyin Ingila ya ishe shi, gara ya koma inda ƙafarsa ta san hanya ko babu ido. Shi da Dinatu suka koma Kagoro, yaran suka zauna. Uwaisu ya raka su filin jirgi, ya yi alkawarin zai zo da rani mai zuwa. Ranin ya zo tsohon Baturen ya kwanta ciwo, shago ya rage a hannunsa shi kaɗai, ya ɗaga tafiyar zuwa baɗi. A watan Fabrairun 1999 Jamilatu ta bugo waya ta ce Baba ya rasu, zazzaɓi ne na kwana huɗu.

Mutanen da suka san Malam Uwaisu a ƙarshen shekarun nan sun fi tuna shi da wata ɗabi'a da ta ba su mamaki ga mutum mai kunya irinsa. In an idar da Juma'a yakan tare duk wanda ya haura arba'in ya tambaye shi yaushe rabonsa da gwajin ido, a gaban mutane, ba sakayawa. Wasu suka riƙa kauce masa. Wani Alhaji mai gida a unguwar Edmonton ya taɓa ce masa ya cika shisshigi, Uwaisu ya ce haka ne, ranka ya daɗe, amma ya ga yadda ya lalubi takalminsa a ƙofar masallaci, kuma ya riga ya karɓo masa appointment ranar Litinin ƙarfe goma. Alhajin ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwarsa. Ya dai je.

Da aka rufe shagon a ƙarshen 1999, Uwaisu ya yi ritaya. Tafiyarsa ta farko gida bayan shekara goma sha tara, bai fara da Ringim ba. Daga Kano ya hau mota zuwa Kafanchan, ya ƙarasa Kagoro, Dinatu ta kai shi bayan coci ta nuna masa kabarin. Ya daɗe a tsaye. Da suka koma gida ta kawo masa ruwa da abinci, ta zauna nesa kaɗan, suka yi hirar yara da tsadar taki. Ya kwana biyu, rana ta uku da safe ta raka shi tasha.